Muryar da Yaya ya tura kan mashin uku da ake shawarar saye

(An rubuta ta ne saboda waɗanda suka ce data ba ta ishe su sauraro ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji muryarka tun jiya da daddare, na bari sai na huce gajiya tukuna. In na fahimce ka daidai, fawa-baik uku ne a gabanka, duk na hannu: Honda VFR800 na 2004 da ke nan Jos, Yamaha FJR1300 na 2008 da ke Abuja, sai BMW R1200RT na 2005 wanda dillali ya turo maka hotonsa ya ce ya fi sauran araha. Kuma ka ce sau biyu a wata kake sauka Abuja, wani lokaci da amarya a baya. To bismillah.

Bari in fara kawar da BMW ɗin, don shi ne na ga zuciyarka ta fi karkata a kai. Ban ce ba mashin ba ne. In kana zaune a kansa kamar kana falon gidanku. Amma ka tambayi kanka, a Farin Gada ko Dilimi wa zai taɓa maka shi? Na 2005 ɗin nan birkinsa na lantarki ne, akwai wani ɗan famfo da ke taimaka masa, in ka matsa za ka ji yana wani kuka zuuu. Ranar da famfon nan ya mutu, birkin da zai rage maka kaɗan ne ƙwarai, kuma ko makulli ka kashe kana tura shi a gangare haka za ka ji shi. Ka tuna gangaren Hawan Kibo, ka ɗora wannan a kai. Sannan kulocinsa busasshe ne irin na mota, yana tsakanin inji da giya. In ya ƙare sai an raba mashin ɗin gida biyu, an ɗaga bayansa sama kamar an feɗe rago, kafin a kai gare shi. Ga shi komai sai an jona kwamfuta. Arahar da ka gani ba don Allah aka yi maka ita ba. Ka ce wa dillalin ka gode.

Yauwa, saura biyu.

VFR, wallahi ina ƙaunar mashin ɗin nan, shekara uku na yi da irinsa. Injin V4 ne, cc 782, kuma babu wanda zai ji ƙararsa bai waiwayo ba. Daga 2002 Honda suka sa masa abin da suke kira VTEC: a ƙasa kowace silinda da bawul biyu take aiki, in allurar da ke nuna juyin inji ta kai wajen 7,000 sai sauran biyun su buɗe, ka ji mashin ya zabura kamar an tsikare shi. Kai kaɗai a miƙaƙƙiyar hanyar Bauci, daɗi ne. Amma a tsakiyar kwana da mace a baya, in ya zabura hular kwanonta ce za ta ƙwanƙwashi taka, kuma ka san maganar da za ta biyo baya idan an isa gida. Sai a 2006 suka ɗan lallashe shi, naka kuwa na 2004 ne.

Amma ba wannan ne ya raba ni da shi ba. Ɗan hakin da ka raina, ai ka san sauran. Akwai wani ɗan akwati mai haƙarƙari, bai fi tafin hannu ba, rektifaya, shi ke karɓar wutar da inji ya haifar ya daidaita ta ya cika batir. Tsofaffin VFR sun yi suna da ƙona shi. Wata ranar Lahadi na taso daga Abuja bayan la'asar, na wuce Akwanga lafiya lau. Ina dosar Forest sai na ga fitilar gaba ta fara yin ja-ja kamar aci-balbal. Agogon gaba ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Kafin in fara hawan, inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Na cire murfin gefe ina haskawa da waya, sai warin ƙonanniyar roba ya buge ni. Soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa ke shiga ya narke ya zama kamar alewar da aka manta a rana. Ga magariba ta kawo jiki, ga wurin ba wurin tsayawa ba ne, kowa a gidan nan ya sani. Wani bawan Allah mai motar dankali da ya sauke kaya yana komawa, shi ya tsaya, mu biyar muka cicciɓa mashin ɗin. Ina zaune a bayan mota na rungume shi har Bukuru, sanyi yana ratsa ni. Sati uku ina jiran kayan daga Legas, na farkon da aka aiko ma jabu ne.

Ana gyarawa, ban ce ba a gyarawa ba. In mai shi ya riga ya canza ya sa mai kyau, ya yanke soket ɗin ya haɗa wayoyin kai tsaye, shi ke nan. Sai dai akwai na biyu: duba bawul ɗin VTEC, wanda littafinsa ya ce a yi duk wajen kilomita 24,000, aiki ne mai cin rai, sai an ciro kamshaf an sa wasu 'yan ƙarfuna an mayar an auna an sake cirowa. Yawancin waɗanda ke yawo a ƙasar nan ba a taɓa yi musu ba. Kuma zamansa akwai ɗan duƙawa. Kai da kake ƙorafin ƙugu tun azumin bara, ka yi lissafi.

FJR kuwa, in ka tambaye ni, shi zan ce. Amma ka saurari sharaɗin.

Silinda huɗu ne a jere, cc 1,298, kuma ba shi da sarƙa, shaf ne kamar na mota. Wanda bai yi rani a hanyar Keffi ba ba zai san darajar wannan ba. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man sarƙa sai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, ta cinye sarƙar ta cinye haƙoran. Da shaf, ɗan man da ke baya kawai za ka riƙa canzawa in za ka yi juye. Tankinsa lita 25. Nawa yana ba ni wajen kilomita 16 a lita in ban yi hauka ba, Jos zuwa Abuja kuwa ba ta cika 300 ba, ka ga ke nan in ka cika a gidan man da ka yarda da shi, ba ruwanka da na jarka a hanya. Tun da aka cire tallafi a 2023 kowa na lissafin lita, na sani, amma bambancin shansa da na VFR bai kai yadda mutane ke zuzutawa ba. Gilashin gabansa da maɓalli ake ɗaga shi. Ka fito Jos da asuba a watan Janairu, ka ɗaga shi, iskar Riyom ta bi ta saman kanka. Kana gangarawa ƙasa zafi ya fara, ka sauke. Bawul ɗinsa kuma sai wajen kilomita 40,000 ake dubawa, kuma irin aikin da bakaniken da ya saba da manyan mashinan Japan zai iya ne. Giya biyar gare shi, za ka riƙa laluben ta shida da ƙafa sati na farko, babu ita, sai a 2016 suka ƙara.

Ka yi sa'a na 2008 ne. Na farko-farkon, kafin 2006, gasa cinya suke yi. Wannan ma kada ka za ci firji ne, in ka shiga cunkoson Mararaba da Nyanya da rana tsaka fanka za ta tashi ta huro maka zafi sai ka raina kanka, amma da sauƙi.

Sharaɗin shi ne nauyi. FJR da mai a ciki yana dosar kilo 290. Ya ɗara VFR da kusan buhun siminti guda. In yana tafiya ba ka ji, amma wurin juyawa a layinku, da na san ba kwalta, ga tsakuwa ga gangare, nan ake gane maza. Ka hau, ka sa ƙafa biyu a ƙasa. In da kan yatsu kake taɓo ƙasa, kujerarsa tana da mataki biyu, a sauke ta. In an sauke har yanzu kana ɗage, to ka haƙura, kada girman kai ya sa ka saya. Sannan cikinsa a ƙasa yake. Tudun nan da ake yi a garuruwan hanya don rage gudu, in da mutum a baya da kaya a akwatunan gefe, sai ka bi su a karkace a hankali, in ba haka ba ka ji ƙarrr a ƙasa. Gaskiyar magana, in hanyarmu za a tambaya, ita V-Strom 650 za ta zaɓa, mai tayar gaba inci 19 da tsayin ƙafa. Na faɗa maka wannan tun bara ka ce kamar raƙumi yake, to na bar maganar.

Af, ka duba hannun hagu. Akwai irin FJR da aka yi ba hannun kuloci, kwamfuta ke kama maka. In ka ga babu, juya kawai. Matsalar BMW ce ta dawo da wata riga.

Yanzu yadda za a duba shi, don cinikin biri a sama ba namu ba ne. Kada ka tura ko sisi na kafin alƙalami kan hoto.

Ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo. Kana isa, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka ɗora bayan hannunka a kan inji. In da ɗumi, an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa, ka ce za ka dawo gobe da safe. Inji mai sanyi ba ya ƙarya: yadda ya kama, hayaƙin da ya fitar, ƙarar da ya yi a minti na farko. Ka zo da mitar auna wuta, ta masu gyaran rediyo ma ta isa. Batir a kashe ya nuna wajen 12 da rabi. In an tayar an ɗan ba shi wuta, ya hau 14 da 'yan kai. In ya tsaya ƙasa da 13 ko ya haura 15, akwai magana. Wannan gwajin ko VFR ɗin ka je gani, shi ne na farko. A FJR na shekarun nan kuma ka jijjiga ki a cikin makunninsa inji na aiki, ka juya kan hagu da dama, ka ga ko wuta za ta yi ƙyaftawa, don an san su da ciwon makunni da haɗin wayoyin at (earth). Ka bar shi yana aiki har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Fitilar ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, kada ta zauna a kunne bayan an fara tafiya. In ba ta kunnu ba sam tun da aka murɗa ki, wani ya cire ƙwan ne.

Da yawan mashinan nan daga gwanjon Amurka suke, waɗanda suka yi hatsari inshora ta sallama su. Sabon fenti ba abin murna ba ne. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin wuya, akwai 'yan ƙarfuna biyu da ke tare kai kada ya wuce iyaka. In ɗaya ya karye ko an yi masa walda, mashin ya sha ƙasa da ƙarfi. Ka shafa ƙafafun gaba da yatsa, in ka ji mai, sil ya tafi. Ka juya tayoyi a hankali ka duba bakin rim, raminmu ba ya barin bashi. Agogon kuma ka lura mil yake ƙirgawa ko kilomita. In ya nuna 50,000 a mil, kilomita 80,000 ke nan. Ga FJR wannan ba tsufa ba ne in an kula da shi, amma kada a sayar maka da shi a matsayin 50.

Taya, nan mutane ke faɗawa. Za ka ga zanenta ɓul-ɓul kamar sabuwa, alhali ta bushe. A gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, sati na 23 ne na 2016. Duk wadda ta haura shekara biyar zuwa shida, ka cire kuɗin sababbi biyu daga cinikin, gaba 120/70, baya 180/55, duk inci 17. Ka tambayi kuɗinsu kafin ka je cinikin mashin ɗin, don in ka ji sai ka zauna.

Takardu: lambar shasi guda 17 da ke wuyan mashin ta yi daidai da ta takardar kwastam harafi da harafi, ba a kankare ba, ba a sake bugawa ba. A yi takardar ciniki da shaidu, a yi canjin suna. Kai ma lasisinka ya zama na mashin, aji A, ba na mota ba. Shingayen da ke tsakanin Jos da Keffi ka san yawansu, babban mashin kuwa kowa so yake ya tsayar da shi ko don ya kalla.

Kuma don Allah kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan sayen. Ka rage na juye, da ruwan lagireto, da man birki, da tayoyin nan, da hular kwano ta kirki guda biyu. Biyu na ce. In ba ka saya wa amarya tata ba ni da kaina zan kai ƙararka wurin Hajiya.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina Abuja, zan kai mota Apo. Ka shigo motar farko, ka kira ni in ka wuce Keffi, sai mu je mu ga FJR ɗin tare. Mitar tana wurina, kai dai ka zo da tocila. Kada ka gaya wa mai shi da wani za ka zo. To, an kira salla, sai an jima.