Amsa: Me zan fara canzawa a babur ɗin Yamaha Ténéré 700?

Malam, ka tambaya ko salansa za ka fara canzawa. Ka bar ta tukuna, ƙara kawai za ka saya, injin 689cc ya ishe ka ƙarfi. Fara da farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin inji, don dutse ɗaya a hanyar Falgore zai iya fasa shi baƙin mai ya tsiyaye. Sai tayoyi masu manyan haƙora, ta gaba inci 21, ta baya 18. Amma abin da ya fi damuna filtar iska ce. Ƙurar hunturun Kano tana cin inji a hankali, don Allah ka sa ta soso wadda ake wankewa, ka riƙa duba ta duk sati.