Amsa ga mai tambayar ko dole ne sai da maigida a sana'ar hoto

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai son ɗaukar hotunan rayuwar mutane sai ya zauna a ƙarƙashin wani, tunda YouTube na koyar da komai, kuma kana tsoron kada hotunanka su koma kwafin nasa. Ga abin da na gani da idona.

Sarrafa kyamara da daidaita haske, wannan kam bidiyo ya ishe ka. A wata uku za ka iya. Ba shi ne abin da na samu wajen maigidana ba.

Ranar farko da na kai masa aikina, hotuna sittin ne, ina ji da kaina. Ya baje su a tebur, ya yi shiru, sai ya fara kife su ɗaya bayan ɗaya har saura huɗu. Wanda na fi so, na wani dattijo da na zuƙo daga nesa, yana cikin na farkon da ya kife. Ya ce, "Mene ne sunansa?" Na ce ban sani ba. Ya ce to sata na yi, ba ɗaukar hoto ba. Wallahi na yi kwana biyu ina jin haushinsa. Amma tun daga ranar, da wuya in ɗaga kyamara ban zauna da mutum mun gaisa ba.

Daga baya na karanta cewa kusan haka aka yi wa Gordon Parks, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Amurka. A 1942, da ya je aiki ƙarƙashin Roy Stryker, shugaban sashen hotuna na wata hukumar gwamnati a Washintan, Stryker ya sa shi ya ajiye kyamara ya shiga gari: ya je kanti, gidan abinci, silima. Aka yi ta korarsa saboda baƙar fata ne. Da ya dawo cike da fushi, Stryker ya nuna masa Ella Watson, matar da ke share ofishin, ya ce ya je su yi hira. Daga nan aka samu hoton nan nata riƙe da tsintsiya a gaban tutar Amurka, kuma Parks ya bi ta har gida da coci yana ɗauka. Ka lura, Stryker ba gwanin kyamara ba ne, tattalin arziki ya karanta. Shi ma Cartier-Bresson, fitaccen mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, wajen mai zane André Lhote ya koyi tsara siffofi a cikin hoto, tun kafin ya rungumi kyamara.

Batun kwaikwayo kuwa, tsoronka na kan hanya. Ni kaina na yi shekara biyu ina ɗaukar baƙi da fari don kawai shi yake yi, har tsayuwarsa nake kwaikwayo. Ban ga laifin hakan ba a farko, da rarrafe yaro kan tashi. Inda matsalar take shi ne maigidan da ba ya son ka tashi. Na ga irinsu: duk hoton da bai yi kama da nasu ba, a wajensu ya lalace. Idan naka kullum "ni da haka zan yi" yake cewa, bai taɓa tambayarka me ya tsayar da kai a wurin ba, ka fara neman wani.

Nawa, da na kai masa aikina na farko mai launi, ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ba zai ɗauka haka ba, amma kada in taɓa komai. Ya kife biyu kacal. Ɗaya daga cikinsu na buɗe na mayar, ya kalle ni, bai ce uffan ba.

Kafin ka je wajen kowa, wanke hotunanka a takarda, kada ka miƙa masa waya yana shafawa. Kamar talatin, duk a kan abu ɗaya.