Tsatsa Ta Fara Cin Ƙarƙashin Motata: Kwalta Zan Fesa Ko Baƙin Mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akori-kura, Toyota Tacoma ƙirar 2008, ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka. Da ita nake jigilar taki da hatsi tsakanin Funtuwa da ƙauyukan kewaye, lokacin babbar sallah kuma raguna. Kwanan nan na sunkuya na ga tsatsa ta fara cin shasi. Mai gyaran bodi ya ce in kawo ya fesa mata kwalta, wani direba kuma ya ce asarar kuɗi ce, in shafe ta da baƙin mai kawai. Ni kuwa so nake in yi aikin da hannuna. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a halin da motarka take ciki kada ka bi ko ɗaya tukuna. Abin da za a shafa shi ne ƙarshen aiki, wanki da kankara su ne aikin.

Sai ka fara sanin zurfin ɓarnar, don motarka tana da tarihi. A jihohin arewacin Amurka da Kanada ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuwa yana shiga cikin shasi ya kwanta. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a Amurka saboda ruɓewar shasin motoci kusan miliyan 1.5, ciki har da Tacoma daga ƙirar 2005 zuwa 2010. Sulhun na masu motocin can ne, amma ya ishe ka gargaɗi. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangararan. Inda ka ji sautin ya mutu, ko ɓawon tsatsa yana zubowa, ka danna da sukundireba. In ta huda, musamman kusa da inda sifirin ya kama shasi ko inda aka ɗaure tankin mai, to zance ya wuce fenti, na ƙwararren mai walda ne, kuma kada ka ƙara ɗora mata buhu sai an gyara. Ka duba siraran bututun birki da ke bin jikin shasi. Wanda tsatsa ta ci, sauya shi ake yi, ba a rufa masa asiri da fenti.

Ka ajiye aikin sai damina ta ɗauke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe. Ka nemi rami a gareji ko wurin wankin mota. In a gida ne, kada ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, ka datse tayoyi da katako. Ka sauke tayar safaya, domin bayanta ne laka ta fi maƙalewa. Sai wanki da ruwa mai ƙarfi da omo: saman shasi, saman tanki, kwarin tayoyi, da ƙarafan da suka gitta tsakanin hannuwan shasi biyu. Wani sashe na shasin rufaffe ne kamar bututu, yana da 'yan ramuka a ƙasa da aka yi don ruwa ya fita. Za ka tarar laka ta toshe su. Ka zura waya ka buɗe, ka sa tiyo a ciki har sai ruwan da ke fitowa ya daina zuwa ja. Daga nan ka bar ta a rana kwana biyu ko uku. Mutane a nan suke gaggawa, waje ya bushe su ɗauka ciki ma ya bushe.

Sai kankara da buroshin ƙarfe, na hannu ko wanda ake ɗaura wa injin guga, da tabarau a ido da takunkumi a hanci. Ba dole ne ƙarfen ya yi ƙyalli ba, amma duk abin da ke ɓantarewa sai ya sauka. Ragowar tsatsar da ta kama jiki ana shafa mata ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti. Wani asid ɗin fosforik ne a ciki, wani kuma tanin, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Zai mai da jar tsatsa baƙa mai tauri wadda fenti ke iya kamawa. In ya bushe yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ka sa fentin farko, jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofa da taga, ko mai ɗauke da zinki in ka samu, sannan baƙin fentin mai, shafi biyu marasa kauri. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta manne a ɗanyen fenti.

Yanzu ga maganar kwalta. A sabuwar mota mai tsabtataccen ƙarfe tana da amfani, musamman a kwarin taya inda tsakuwa ke duka. A tsohuwar mota da tsatsa ta riga ta kama, ba na goyon bayanta ko kaɗan. Fesa ta a kan tsatsa tamkar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Zafin ƙasarmu yana busar da ita ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙarfe yana ruɓewa a ciki, kai kuma kana kallon baƙi mai sheƙi kana jin daɗi. Shi ya sa in za ka sayi mota ta hannu ka ga an feshe ƙarƙashinta da sabuwar kwalta, ka tambayi abin da ake ɓoyewa.

Shi kuwa direban nan yana da rabin gaskiya. Mai yana bin kowane lungu, yana korar ruwa, ba ya tsagewa, kuma yana barin ka ga halin da ƙarfe yake ciki. Matsalar baƙin mai ce. Yana kumbura robobin ƙafa da tiyon roba, yana ɗiga a ƙofar gida ya bi ruwa, kuma yawan taɓa shi da fata na iya jawo ciwon daji. Akwai abubuwan da aka yi domin wannan aiki: Fluid Film, wanda aka haɗa da maiƙon gashin tumaki, da Waxoyl da Dinitrol masu kakin da ba ya bushewa ƙarƙar. Ka ajiye gwangwanin a rana ya saki jiki, ka zura doguwar tiyon feshi cikin shasi ta ramukan nan, kana fesawa kana janyowa a hankali. Cikin shi ne muhimmi, don ta nan irin wannan shasi yake mutuwa, kuma buroshi ba ya kai wa can. In ba ka same su ba, sabon man giya a ciki da ɗan giris a kan notina ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba. Ko wanne ka yi amfani da shi, ka naɗe birki da salansa da leda ko takarda, ka tuna ka cire kafin ka tayar da mota. Mai a birki hatsari ne, a salansa kuma gobara. Irin wannan shafi ba na dindindin ba ne, ana sabunta shi duk shekara kafin ruwan farko. Ƙura za ta manne masa ya yi muni, ka ƙyale shi haka.

Saura abin da ba ka tambaya ba, wato kayan da kake ɗauka. A nan ba a watsa gishiri a titi, amma kai kana ɗora wa motarka ɗan'uwansa. Yuriya tana jan laima daga iska ta narke, NPK kuma galibi yana ɗauke da fotash mai sinadarin kulorayid, irin wanda ke cikin gishirin miya. Buhu ɗaya ya fashe, garin ya bi ramukan notin bodi ya sauka kan shasi, ruwan sama ya ƙarasa aikin. Fitsarin raguna da kashinsu ma haka suke cin ƙarfe. Ka riƙa shimfiɗa tamfol kafin lodi, in an sauke ka share garin a bushe tukuna, sannan ka wanke bodin sama da ƙasa a ranar. In akwai shimfiɗar roba a bayan, ka ɗaga ta ka wanke ƙarƙashinta, kada ka mayar sai wurin ya bushe.