Maɗaurin gadon lilona ya fara cinyewa, in ci gaba da hawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Idan na fita kwanan daji, gadon lilo nake ratayawa tsakanin bishiyoyi biyu. Maɗaurin mai faɗi ne kamar bel ɗin mota, an naɗe bakinsa ɗaya an ɗinke ya zama zobe, sai in kewaye bishiya in zura ɗaya bakin a ciki. Kwanan nan na ga inda yake ratsa zoben ya yi gashi-gashi, gefensa kuma ya yi tauri yana sheƙi. Nauyina kilo 80, kuma tam nake ɗaurewa don ba na son gadon ya lotsa. In babbake gashin da wuta in ci gaba da amfani da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka babbake, kada kuma ka sake hawa. Gashi-gashi kaɗan a saman maɗauri tsufa ne kawai, ba ya tayar min da hankali. Taurin nan mai sheƙi shi ne abin tsoro, domin zaren ya narke ne saboda zafin gugar juna, kuma zaren da ya narke ba ya ɗaukar kaya. Wuta ƙara masa rauni za ta yi. Yanke shi gida biyu ma kafin ka yar, kada wani ya tsinta ya hau.

Amma in ka sayi sabo ka ɗaura yadda ka saba, a wuri guda zai sake cinyewa. Dubi inda zoben yake zama. Idan yana tsakiyar bishiyar ko ya zarce can gefe, maɗaurin kan fito daga cikinsa ya lanƙwaso baya, duk motsin da ka yi cikin dare yana gugar kansa da kansa. Matsar da zoben zuwa gefen da maɗaurin zai ratsa shi ya miƙe sak zuwa gadon, shimfiɗe, ba murɗiya. Kuma kada ka ja shi da ƙarfi ta cikin zoben alhali akwai nauyi a kai.

Sai batun ɗaurewa tam, wanda ya fi damuna. Yadda maɗauri ya sauko daga bishiya shi ke yanke nauyin da zai ɗauka. Idan ya karkata digiri 30 daga miƙaƙƙen layi na kwance, kowane ɓangare na ɗaukar daidai nauyinka, kilo 80. A digiri 15 ya kusa ninkawa, wajen kilo 155. A digiri 5 ya haura kilo 450, tun ba ka faɗa ciki da ƙarfi ba. Lotsawar da kake gudu ita ke sauƙaƙa wa maɗaurin. Ga ma'auni a hannunka: miƙe manuniya a kwance, ɗaga babban yatsa sama, layin da ya haɗa kawunansu kusan digiri 30 ne. Bishiyoyi masu tazarar mita 4 zuwa 5, ɗauri daidai tsayin kanka, mazauni kamar santimita 45 daga ƙasa. In ka kwanta a karkace maimakon bin tsawon gadon, bayanka zai miƙe.

Wajen saye, ni foliyesta nake zaɓa. Nailan yana miƙewa, musamman in ya jiƙe, ka wayi gari kana gogar ƙasa. Faɗinsa kada ya gaza santimita 2.5, don siriri yana yanka ɓawon bishiya. Bishiyar ta zama rayayya, kaurinta aƙalla santimita 15.

Kafin kowace ratayawa ka bi maɗaurin da yatsu daga baki zuwa baki, ka duba ɗinkin zoben da gefuna. Yanka a gefe, ko ɗinkin da ya fara warwarewa, ko launin da rana ta koɗar sosai, duk sun isa a yi ritaya da shi. In yashi ya shiga saƙar, wanke da ruwa ka shanya a inuwa, domin yashin daga ciki yake cin zaren.