Ta yaya marfin kwalba ya zama aikin fasaha mai tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, sana'ata ɗinkin manyan riguna. Ƙanena ya turo min hoton wani abu mai ƙyalli da aka rataye a wani katafaren zaure a Landan, na ɗauka yadi ne da aka saƙa da zaren zinariya. Sai ya ce ai marafan kwalba ne, wai a Najeriya aka haɗa shi, kuma ana sayen irinsa da maƙudan kuɗi. Don Allah wane ne mai wannan aiki? Kuma me ya sa abin da muke watsarwa a bola ya samu wannan daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanen naka bai faɗi ƙarya ba. Mai aikin sunansa El Anatsui, mutumin Ghana ne, an haife shi a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta. Ya karanci fasaha a jami'ar Kumasi, a 1975 kuma ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka koyar da sassaƙa, ya zauna a can shekara da shekaru. Zauren da ka gani ina kyautata zaton na gidan baje kolin fasaha ne na Tate Modern, wanda a da tashar wutar lantarki ce. Daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024 an rataye manyan ayyukansa uku a wurin, ƙarƙashin sunan Behind the Red Moon, wato bayan jan wata.

Labarin marafan ya faro ne a ƙarshen shekarun 1990. Yana yawo a wajen gari sai ya ci karo da buhu cike da marafan kwalba an yar a jeji. Ya ɗauka ya kai ɗakin aikinsa, buhun ya yi watanni a ajiye kafin dabara ta zo masa. Kada ka ɗauka sa'a ce kawai ta faɗo masa daga sama. Mutumin ya daɗe idonsa na kan abin da hannun mutane ya taɓa. Tun yana Ghana yake karɓar tiren katako irin wanda mata ke kasa kaya a kasuwa, ya ƙona masa alamomi da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake yi wa ƙwarya ado. Ya yi aiki da fasassun tukwane, ya yi da katako da zarton inji, ya gina bango da tsofaffin magogin rogo masu tsatsa, ya tara marafan gwangwanin madarar Peak ya yi tsibi-tsibi da su. Wanda ya shafe shekara talatin yana irin wannan kallo, shi ne zai ga buhu a jeji ya tsaya.

Yanzu bari in kai ka kusa da aikin, tunda kai ma'abocin allura ne. Marfin na alminiyon ne mai laushi, irin wanda ake murɗawa. Ana tsaga shi, a buɗe gefensa ya zama ɗan siririn falle, a daddale shi. Saman marfin, mai kama da kwabo, ana ajiye shi daban. Zoben nan da ke saura a wuyan kwalba idan an buɗe ta, shi ma yana da amfaninsa: da shi ake yin sassan da ke kama da raga, haske na ratsawa. Wani fallen a lanƙwasa shi, wani a murɗe, wani a matse shi ya yi kamar fure. Sai a huda kowane ɗaya a gefe, a zura wayar jan ƙarfe, a ɗaure shi da maƙwabcinsa. Ɗaya bayan ɗaya, da hannu, dubbai a kan dubbai. Mataimaka da yawa ne ke wannan ɗauri, galibinsu matasan unguwa, kowa ya haɗa ɗan yanki. Shi kuma ya baza yankunan a ƙasa, ya ja wannan nan, ya mayar da wancan can, ya ɗauki hoto, gobe ya sake rushe tsarin, har sai idonsa ya gamsu. Ka san yadda babbar riga take: wani ya zana aska, wani ya yi cin wuya, wani ya haɗa, mai bugu ya ƙarasa, amma ido ɗaya ne ya san inda aka dosa.

Sirrin yana cikin wannan ɗauri. Da walda aka yi, da faranti ne sandararre. Amma saboda kowane marfi yana iya motsi a mahaɗarsa, sai ƙarfe ya koyi halin tufa: yana zubowa, yana yin ninki, yana kumbura. Aikin da zai rufe fuskar bene ana iya naɗe shi a sa a akwati. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne ba ya ba masu rataye aikin umarnin yadda za su yi. Ya bar musu su ninke yadda suka ga ya dace da bangonsu. Saboda haka aiki ɗaya idan ya je gari uku, siffa uku zai yi. Masu sassaƙa tun fil azal burinsu su kafe siffa a dutse ko tagulla don kada ta canza. Shi ya zo da sassaƙar da ba ta da siffa tabbatacciya, kuma a ganina wannan ne babban abin da ya ƙara wa fannin.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani, domin na san zai tsaya maka a rai: mafi yawan marafan na kwalaben barasa ne da ake yi a Najeriya. Ba tallar giya yake yi ba, tarihi yake tonowa. Barasa na cikin manyan hajojin da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya da mutane. Waɗanda aka kwashe aka kai su gonakin rake a tsibiran Karibiyan, daga raken aka yi sukari da wata barasar, aka sake lodo ta zuwa gaɓar da aka ɗebo su. Ka ga ɗan marfin nan yana ɗauke da nahiya uku. Shi ya sa aikin Landan ya yi nauyi: sashen farko ja ne, ya kumbura kamar filafilan jirgin ruwa da iska ta cika, kuma gidan da aka rataye shi sunan Henry Tate yake ɗauke da shi, attajirin da ya yi arzikinsa da tace sukari a ƙarni na 19. Daga nesa kyau ne ke kiranka. Idan ka matso sai kyan ya fara ba ka labarin da ba shi da daɗi.

Batun kuɗi kuma, hanya ce aka bi. A 2007, a lokacin babban baje kolin birnin Venis na Italiya, ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini da irin wannan aiki, daga nan duniya ta waiwayo. A 2015 wannan baje kolin ya ba shi lambar Zakin Zinariya ta gudummawar tsawon rayuwa. Manyan gidajen tarihi a Landan da New York sun sayi ayyukansa, kuma a gwanjo wasu sun haura dala miliyan ɗaya. Mai saye ba alminiyon yake biya ba. Yana biyan watannin da hannuwa suka yi, da ido na shekara hamsin, da kasancewar wannan mutum shi ya buɗe ƙofar. Kasuwar fasaha tana da nata son rai, ban musa ba, sau da yawa suna take bi ba inganci ba. A nan dai sunan da aikin sun yi daidai.

Zatonka na cewa yadi ne ba kuskure ba ne gaba ɗaya. Mahaifinsa masaƙin kente ne, wato yadin gargajiya na Ghana, kuma ayyukansa biyu na farko-farko da ke gidan tarihi na Birtaniya ya sa musu sunan zanen namiji da zanen mace. Sai dai daga baya ya nuna ba ya so a tsaya a nan, domin da zarar an ce kente ne na ƙarfe, sai mutane su daina kallo. Ka roƙi ƙanen naka ya nemo maka hoton da aka ɗauka dab da aikin, ka buɗe shi sosai a waya. Za ka ga ƙullin wayar ɗaya-ɗaya, wani a matse, wani sako-sako, gwargwadon hannun da ya ɗaura. Za ka kuma iya karanta sunayen da ke jikin marafan, irin su Dark Sailor da Ecomog, sunan rundunar nan ta Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya a 1990.