Amsa: me ya sa ƙwan kunkuru ba ya ƙyanƙyashewa?

Malam, ka ce macen kunkurunka ta yi ƙwai a bayan rumbu, ka tone su ka zuba a tukunya, wata biyu shiru, sai ka zubar. To, gaggawa ce ta ci ka. Ƙwan babban kunkurun Sahel irin namu yakan ɗauki kwana 90 zuwa 120 ko da ɗumi ya daidaita, a ƙasa kuwa idan hunturu ya ratsa yana iya ja har wata takwas.

Tonon ma da matsala. Ƙwan kunkuru ba a juya shi kamar na kaza, domin ɗan tayin yana manne ta sama, in an kifa shi yana iya mutuwa. Gara a bar su inda ta binne, a kifa tsohon kwando a danne da dutse saboda gafiya da kare da guza. In dole ne a ɗauke, a yi wa saman kowanne alama da gawayi, a jera su yadda aka same su cikin yashi mai ɗan danshi, wanda in ka matse ba ya ɗiga. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 28 da 32. Kusa da 32 mata sun fi fitowa, ƙasa-ƙasa kuwa maza.

Sai ka duba ko kana da namiji ma, don mace tana yin ƙwai ko ba barbara. Juya kunkurun ka gani: ƙirjin namiji yana da kwarmi, jelarsa doguwa, ƙirjin mace kuwa a shafe yake. Maza biyu kada su haɗa gida. Tunkuɗar juna suke yi, wanda aka kifar a rana zafi na iya kashe shi.

Abinci kuma, don Allah a daina ba ta ragowar tuwo. Ciyawa ce cimarta: kirikiri, busasshiyar ciyawa, ganyen kabewa, harawa kaɗan-kaɗan. A daka ɓawon ƙwan kaza a barbaɗa mata sau biyu a mako, in ba haka ba ƙwan ya fito da taushi, ko ya maƙale mata a ciki.

Takan yi ƙwai 15 zuwa 30 a rami ɗaya. In 'ya'yan sun fito, a jiƙa su a ruwa mai ɗumi iya haɓarsu kullum da safe na minti goma, a rufe saman akurkinsu da raga saboda shaho da hankaka.