Ƙafata ta warke, zuciyata ta ƙi

Tambaya: Baba Fasto, bara motarmu ta kife muna dawowa daga biki. Na karye a ƙafa, ƙanwata kuwa nan take ta cika. Ƙafar ta ɗoru, ina takawa. Amma har yau in na ji ƙarar birki sai jikina ya ɗauki rawa, dare ya yi kuma idona biyu. Wata a zumuntar mata ta ce ƙarancin bangaskiya ne. Haka ne?

Amsa: Ɗiyata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ba haka ba ne. Mai maganar tana nufin alheri, amma ta yi miki fami.

Da aka ɗaure ƙafarki makonni, akwai wanda ya ce bangaskiyarki ce ta gaza? Kowa ya san ƙashi yana da lokacinsa. Zuciya ma haka take, sai dai ita ba a ganin ɗaurinta, shi ya sa mutane ke gaggawar cewa a tashi a taka.

Buɗe Yohanna 20. Yesu ya tashi daga matattu, amma da tabon ƙusa a hannuwansa da na mashi a kuiɓinsa. Bayan kwana 8 ya kira Toma ya sa yatsa a wurin. Jikin da ya ci nasara a kan mutuwa bai shafe tabonsa ba, bai kuma ɓoye shi ba. To wa ya ce sai kin manta ranar nan kafin a ce kin warke?

Ga Iliya kuma a 1 Sarakuna 19, annabi guda, ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai fara da wa'azi ba: waina da ruwa ya ba shi, har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. Mu fastoci mukan manta wannan.

Rawar jiki da rashin barci bayan haɗari ciwo ne sananne ga likitoci, yana kuma jin magani, musamman ta hanyar zama da mai ba da shawara. Tunda naki ya daɗe da wuce wata guda, je asibiti ki faɗa musu duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki nemi mace ɗaya mai riƙon amana wadda za ki riƙa ambaton sunan ƙanwarki a gabanta, ki yi kukanki. Daren da addu'a ta ƙi fita, karanta Zabura 88 da murya. Mai ita ma a cikin duhu ya ƙare ta.